Hoto a Gefe, Bayani a Gefe: Abin da Sunke Ke Nema Daga Manhajojin Rubutu

Tsakanin ƙarshen shekarar 2010 da farkon 2011 an yi wa ƙauyen Sunke, a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara, wani aiki da ba a saba ganin irinsa ba a ƙasar Hausa. An bi gida-gida ana kankare fuskar ƙasa. Leburori, yawancinsu 'yan yankin, suna shiga da fartanya da shebur su kwashe saman ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna da ta wuraren niƙa, a kai wani rami da aka tanada a binne, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa a madadinta. Kafin a sa fartanya kuwa, sai an zaga da wata na'urar hannu mai suna XRF, a ɗora bakinta a ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke wurin. Da Dareta da 'Yargalma aka fara a tsakiyar 2010, sai Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Duza da Sunke, sannan Bagega a 2013. Masu binciken da suka jagoranci aikin sun ce ƙasar da aka kwashe daga gidaje da wuraren sarrafa ma'adinai 820 a ƙauyuka takwas ta haura kubik mita 27,000, kuma kusan duk da ƙarfin damtse aka yi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gidaje ya haifar da wani ilimi: wace kusurwa ce ta fi guba, ina aka tsaya da haƙa, ina aka binne abin da aka kwaso. Irin wannan ilimi rabinsa lamba ne da kalmomi, rabinsa kuwa sai an gani da ido. Ina ganin a nan ne wata 'yar matsala da masu kwamfuta ke ɗauka ta jin daɗi ce kawai, wato wahalar saka hoto a cikin bayanin da mutum ke rubutawa a waya ko kwamfuta, take zama batun ko za a tuna ko za a manta.

A taƙaice, ga yadda abin ya faro. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka fita sa ido kan cutar sanƙarau, suka samu labarin yara suna ta mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum bayan amai da jijjiga. Gwajin jini ya nuna dalma ce. Farashin zinare ya yi sama a kasuwar duniya, mutane suka riƙa kwaso duwatsu daga ramukan haƙa suna kawowa cikin gari, ana dakawa a turmi ana niƙawa a injin, ashe dutsen maƙare yake da dalma, ƙurarsa kuwa tana sauka inda yara ke rarrafe. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi da hukumomin Najeriya a Dareta da 'Yargalma ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a cikin shekara guda. A wasu wuraren dalmar da ke ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ke amfani da ita a lokacin ga wurin wasan yara 400 ce. An ƙiyasta yara aƙalla 400 ne suka rasu. Likitoci kuma ba sa son fara ba yaro maganin da ke janye dalma daga jini muddin zai koma gidan da ba a tsabtace ba, domin aikin banza ne. Ke nan amsar tambayar «an gyara gidan nan ko ba a gyara ba?» ita ke yanke wa yaro hukuncin samun magani.

Dalma ba ta ruɓewa, ba ta kuma tsufa. Ramin da aka binne ƙasar Sunke yana nan da gubarsa, kuma zai kai jikokin waɗanda suka haƙa shi. Ranar da wani zai nemi ƙasar yin tubali, ko gari ya faɗaɗa a yanka fegi, ko zaizayar damina ta tone gefen ramin, tambayar da za ta taso ita ce daidai ina ne wurin. A ƙauye babu lambar gida, babu sunan titi. Adireshi shi ne bayan masallaci, gabas da tsamiya, kusa da tsohuwar rijiya, gidan wane, kuma wane yana mutuwa, tsamiya tana faɗuwa. Hoto ne ke riƙe abin da baki ba ya iya kwatantawa. Sai dai hoto shi kaɗai a wannan fage bebe ne, domin ƙasa mai guba da mai tsabta kamanninsu ɗaya. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a batun dalma wanda ya gani bai san komai ba sai an gaya masa lambar da na'ura ta nuna, da ranar, da wanda ya auna. Hoton da ya rabu da jimlarsa jar ƙasa ce kawai da gefen katanga. Jimlar da ta rabu da hotonta kuwa lamba ce da ba a san wurin da take nufi ba. Amfanin duka biyun yana cikin zamansu a shafi ɗaya, wannan ƙarƙashin wancan.

To, duba yadda wayar da ke hannun ma'aikacin lafiya ko jami'in muhalli take raba su tun daga tushe. Kyamara tana zuba hotuna a wani rumbu, ta sa musu suna irin na lambobi da kwanan wata. Manhajar rubutu tana ajiye kalmomi a wani rumbun dabam. Mai aiki yana tsaye cikin rana, mai gida yana jiransa, batir yana ja, sai ya fita daga inda yake rubutu, ya buɗe kyamara, ya ɗauka, ya dawo, ya nemo maɓallin haɗawa, ya shiga rumbun hotuna ya tono nasa a tsakanin hotunan biki da na gaisuwar Juma'a da aka turo masa. A wasu manhajojin hoton ba ya ma sauka inda ake rubutu, sai ya haye can saman shafi ya haɗu da 'yan'uwansa, ba a san wanne ne na wace jimla ba. Abin da mutum zai yi sananne ne: zai ɗauki hotuna talatin a jere, ya ce da dare zan haɗa. Da dare babu wuta, ko gajiya ta yi yawa, bayan mako guda kuma shi da kansa ba zai iya bambance katangar gida na bakwai da ta gida na tara ba. Ba lalaci ba ne. Duk aikin da ke buƙatar taɓawa shida, mutum mai gaggawa zai ɗage shi, kuma abin da aka ɗage a fagen aiki yawanci ya tafi ke nan.

Wannan rabuwa tana da asali. Manhajojin rubutu na farko an gina su ne don haruffa zalla, kuma zallar rubutu tana da falala babba: fayil ɗin ƙarami ne, kowace na'ura tana buɗe shi, kuma wanda aka rubuta shekara 30 da suka wuce har yau ana karanta shi. Amma hoto ba harafi ba ne, ba shi da wurin zama a irin wannan fayil. Lokacin da John Gruber ya fito da tsarin Markdown a 2004, wanda yanzu manhajojin ajiye bayanai da yawa ke bi, dabararsa ita ce a rubuta alamar motsin rai, sai bayanin hoton, sai adireshin inda hoton yake a ajiye. Wato abin da ke cikin rubutun kwatance ne kawai zuwa ɗakin da hoton yake kwana. Idan aka sauya wa jakar suna, ko aka cire memori, ko aka tura wa wani rubutun ba tare da jakar ba, sai a tarar da gurbi fayau. Microsoft Word ya bi ɗaya hanyar, ya cusa hoto da rubutu a cikin ƙunshi guda, abin da ya sa ba sa rabuwa, amma fayil ɗin yakan yi nauyi, kuma gyara shi a ƙaramar waya sai mai haƙuri. Manhajoji irin su Obsidian da Joplin sun nuna cewa akwai tsaka-tsaki: ka liƙa hoto, manhajar da kanta ta kwafe shi zuwa ma'ajiyarta, ta rubuta adireshin a daidai inda alƙalaminka yake. Ke nan matsalar ba ta gagari fasaha ba. Abin da ya rage shi ne ga wa aka auna sauƙin, domin yawancin masu ƙera waɗannan abubuwa suna tunanin mutum ne a kan tebur da babbar kwamfuta da intanet mara yankewa, ba mai riƙe da itel ko Tecno da hannu ɗaya ba.

Za a ce ai ƙungiyoyi sun daɗe da magance wannan. Akwai ODK, wanda aka faro a Jami'ar Washington a 2008, da KoboToolbox da aka gina a kan irin tsarinsa, kuma an yi amfani da irinsu sosai a arewacin Najeriya, musamman a yaƙi da shan-inna. Fom ne a waya: suna, shekaru, wuri, hoto, duk a layi ɗaya, kuma yana aiki ba tare da sabis ba. Gaskiya ne, kuma duk aikin da aka riga aka san tambayoyinsa, fom ya fi. Amma fom yana kama abin da wanda ya tsara shi ya yi tsammani ne kawai. Annobar dalma kanta ba ta cikin fom ɗin kowa. Waɗanda suka gano ta sanƙarau suka je nema. Abin da ke tona irin wannan asiri shi ne ɗan bayanin gefe da ma'aikaci ke rubutawa don wani abu ya ba shi mamaki: an dawo da injin niƙa bayan gari, ga buhunan dutse a zaure, yara suna wasa a bakin kududdufin da ake wanke ma'adinai. Wannan ba shi da gurbi a fom, kuma shi ne ya fi buƙatar hoto. Ban da haka, fom yana da mai shi. Wani ne ke tsara shi, wani ke biyan kuɗin ma'ajiyarsa, kuma idan aikin ya ƙare ƙofar takan rufe. MSF ta miƙa shirinta na dalma ga hukumomin Zamfara a farkon 2022, bayan sama da shekara 11 da gwada jinin yara fiye da 8,000. Daga nan nauyin sa ido ya koma kan ma'aikatan jiha da na ƙaramar hukuma da masu unguwanni, kuma kayan aikin da ya tabbata suna da shi ita ce wayar aljihunsu.

Wani kuma zai ce WhatsApp ya wadatar, tunda kowa ya iya tura hoto da ɗan rubutu a ƙarƙashinsa. Dalilin da ya sa ya yi nasara ma shi ne hujjata: taɓawa biyu, hoto ya tafi da kalmominsa. Mutane ba su ƙi haɗa hoto da bayani ba, inda aka sauƙaƙa musu suna yi kullum. Amma zauren hira ba ma'ajiya ba ce. Saƙon jiya yana nutsewa ƙarƙashin na yau, manhajar tana matse hoto har lambar da ke fuskar na'ura ta dushe, ba a iya komawa bayan wata shida a ƙara wani hoto kusa da na farko don a kwatanta, kuma idan waya ta cika abin da ake fara sharewa ke nan. Sannan yana rataye da sabis. Mutanen Zamfara sun san ma'anar wannan fiye da kowa, domin a farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layukansu a duk faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma ƙananan hukumomin da ke wajen Gusau sun shafe kusan wata uku a haka. Duk manhajar da sai ta gaisa da wata na'ura a Turai kafin ta yarda ta adana hoto, ba ta Anka ba ce.

Ba a kan auna dalma kaɗai abin ya tsaya ba. Lokacin da gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin Naira miliyan 850 a 2012 don aikin Bagega kuɗin suka maƙale, matasan da suka kafa Follow The Money, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, sun matsa lamba da hotuna da shaidun mutanen garin har aka saki kuɗin a farkon 2013, kuma hotunan da Marcus Bleasdale ya ɗauka wa Human Rights Watch sun kai labarin inda alƙaluma ba su kai ba. Waɗannan suna da ƙwararru da ke zaune suna haɗa kowane hoto da bayaninsa. Sakataren ƙungiyar ci gaban gari ba shi da su. Lokacin da ambaliya ta rusa gidaje a Gummi a watan Agustan 2024, duk wanda aka ɗora wa rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa yana gaban matsala iri ɗaya: sunan mai gida, yawan ɗakunan da suka zube, da hoton da zai hana a ce ƙarya ne, ko a sa sunan wanda ruwa bai taɓa ba. Akwai kuma wata fuska da masu ƙera manhaja ba sa hangowa. Dattawa da yawa a waɗannan ƙauyuka da ajami suke rubutu, allon Larabcin da ke kan yawancin wayoyi kuwa ba ya ɗauke da wasu alamomin da ajamin Hausa ke buƙata, kamar imala. Hanyar da takardar malam ko ta mai unguwa za ta shiga waya ita ce a ɗauke ta a hoto. Amma hoton takarda ba ya amsa bincike, sai an rubuta layi ɗaya a gefensa, wane ya rubuta, yaushe, kan me, sannan za a iya nemo shi wata rana.

Suka mafi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba a kawar da ita da jimla ɗaya. A yammacin Zamfara waya mai hotuna tana iya jawo wa mai ita halaka. Kalmar infoma ta ci rayuka ta ɓangarori biyu: 'yan bindiga suna kashe wanda suke zargi da kai rahotonsu, jama'a da 'yan sa-kai suna farautar wanda suke zargi da kai musu. An sha jin ana tare matafiya ana bincika wayoyinsu. Hoton ramin haƙa ko na injin niƙa kuma, tsakanin Afrilun 2019 da gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar da Disambar 2024 da ta ɗage haramcin, shaida ce ta laifi a kan mutumin da abincinsa ke nan. Ƙari a kan haka, hoton waya yakan ɗauki wasu ɓoyayyun bayanai da ake kira EXIF, lokaci da irin wayar, wani lokaci har da daidai wurin da aka tsaya, ba tare da mai ɗauka ya sani ba. Ga kuma mutunci. Tsakar gida a ƙasar Hausa wurin mata ne, baƙo ba ya wuce zaure sai da izini, kuma yaron da dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ba abin nunawa ba ne. Mai suka zai ce idan ka sauƙaƙa ɗaukar hoto ka sauƙaƙa duk wannan ɓarna, wahalar da kake kuka da ita ma wani birki ne.

Ban yarda cewa birki ne ba, saboda ba ɗaukar hoton ke da wuya ba. Ɗauka ta riga ta zama taɓawa ɗaya, kuma hotunan suna can zube a rumbun da kowa zai fara buɗewa idan ya karɓi wayar, ana kuma iya tura su ko'ina cikin kuskure. Abin da ke da wuya shi ne mayar da hoton wurin da yake da ma'ana da kariya. Manhajar da aka gina da sanin irin wannan ƙasa za ta ɗauki hoton daga cikin rubutun kai tsaye, ba tare da ya biya ta rumbun kowa-da-kowa ba, ta kulle shi da lambar sirri tare da bayaninsa. Za ta cire bayanin wuri sai idan mai rubutu ne ya ce a bar shi, domin ramin binne ƙasa yana buƙatar a san wurinsa daidai, gidan mai ba da labari kuwa ba ya buƙata. Za ta ba da damar shafe fuska ko yanke gefen hoto nan take, kafin a fita daga gidan, har a nuna wa mai gida abin da aka ɗauka ya amince. Duk waɗannan suna cikin ma'anar sauƙi. Abin da manhaja ba za ta iya ba shi ne neman izini a madadin mutum, ko sanin ranar da ya fi kyau a bar wayar a aljihu a riƙe abin a ka. Wannan ya rage ga hankalin ma'aikaci da wanda ya horar da shi, kuma akwai ƙauyukan da a yau amsar ita ce kada a ɗauki komai.

Masu son zallar rubutu su ma suna da tasu damuwar, cewa hotuna za su kumbura fayil su ɗaure mutum ga kamfani guda. Damuwa ce mai tushe, kuma ta fi shafar Sunke fiye da su, tunda bayanin da ake so ya rayu shekara 50 bai kamata ya dogara da manhajar da ƙila ba za ta kai shekara 5 ba. Maganin ba shi ne a hana hoto shiga ba. Rubutun ya zauna a zallarsa, hotunan su zauna a jaka ɗaya da shi da sunayen da mutum zai gane, manhajar ta rage musu nauyi gwargwadon yadda lamba za ta karantu, kuma idan za a tura a tura su a ƙunshi guda, ko ta Xender ko Bluetooth ko memori, yadda mutane suka riga suka saba musayar fina-finai da karatun malamai a shagon caji. A iya buga shi a takarda kuma, domin a sakatariyar ƙaramar hukuma fayil na kwali har yanzu ya fi kowace na'ura tsawon rai.

Na san yadda maganar take sauka a kunnen wanda aka kora daga gonarsa: ana fama da garkuwa da mutane da harajin 'yan bindiga, wani yana zancen maɓallin hoto. Ba maɓalli ne zai kawo zaman lafiya ba, ba kuma shi zai hana a dawo da dutse cikin gida ba muddin zinare ya fi gero kawo kuɗi. Sai dai rashin tsaron ne ma ya ƙara wa batun nauyi. Ƙwararrun waje ba sa iya zuwa yadda suka zo a 2010, mutanen ƙauyuka da dama sun watse zuwa garin Anka da Gusau, waɗanda suka riƙe fartanya a wancan aikin suna tsufa, kuma abin da ya faru a Shikira ta jihar Neja a 2015, inda dalma ta sake kashe yara kusan 30, ya nuna cewa labarin bai ƙare ba. Wanda zai fara ganin alamar dawowarta ɗan gari ne mai ƙaramar waya. Saboda haka ma'aunin da ya kamata matasan da ke rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Sakkwato, da hukumomin da ke sayen kayan aiki, su riƙe mai sauƙi ne: a ɗauki waya mafi arha a kasuwa, a kashe mata sabis, a miƙa wa ma'aikacin da bai taɓa ganin manhajar ba, a ce ya rubuta layi biyu ya sa hoto a tsakaninsu, sannan ya tura wa na kusa da shi. Idan hoton ya isa a tsakanin layukan nan biyu, an yi aiki. Ƙungiyar da za ta tattara kayanta ta tafi kuma, a rubuta a yarjejeniyar miƙa aiki cewa za ta bar wa ƙaramar hukuma da fadar hakimi kwafin bayanan kowane wuri da hotunansa, a tsarin da irin wannan wayar za ta iya buɗewa.